Sawun Baba na Liba

Shekarar da na sa sola a gidana na Jega ita ce shekarar da na lalace da kallon masu binciken gawa a talabijin. Kafin nan wutar lantarki ce ke yi mini linzami: a kawo ta labari ya yi nisa, a ɗauke kafin a kama mai laifi, in yi tsaki in tashi. Da sola ta zo sai ya zama ba mai tsawata mini. In dawo daga makarantar da nake koyarwa, in yi azahar, in ɗauki rimot, ba ni tashi sai an kira la'asar. Akwai wata tasha da ba ta da aiki sai su. Wani ya mutu a ɗaki, a zagaye wurin da igiya, sai ga mutane da fararen riguna da safar hannu da takunkumi a hanci, suna durƙuso suna tsintar abin da ido ba ya gani. Silin gashi guda, ƙurar ƙasan takalmi, ɗigon jini da aka wanke amma bai wanku ba. Kafin awa ta cika an san wanda ya yi, da lokacin da ya yi, da hannun da ya yi da shi.

Matata ta kan tsaya bakin ƙofa da kwano a hannu ta ce, "Malam, wai mi kaka gani ga mutanen ga masu tonon matattu? Tuwo na hucewa." Ni kuwa in ɗaga mata hannu ban ko waiwaya ba, domin daidai lokacin ake sa wani zare a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu.

Amma na san abin da nake gani. Mahaifina ya faɗi ne a gonarsa ta albasa a bayan Aliero, da hantsi, yana riƙe da tiyon ban-ruwa. Kafin in iso daga Jega an yi masa wanka, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Na tambayi kawuna me ya same shi, ya ce kwana ya ƙare. Gaskiya ya faɗa, ban kuma musa ba. Amma ni kimiyya nake koyarwa, kullum ina ce wa yara kowane abu yana da sanadi, sai ga shi a kan mahaifina ban sami ko kalma ɗaya ba. A talabijin kuwa ba a rufe mutum sai jikinsa ya faɗi abin da ya same shi. Ba ruwansu da wane babba ne, wane surukin wane ne, ba a cewa a bar maganar don zumunci. Wannan ya shiga raina ƙwarai. Na fara ganin mutanenmu a matsayin masu kawar da kai, ni kuma mai ido.

Albasar da ya bari ita ce ta faɗo hannuna, ni ne babba. An cire ta da rani, aka zuba a rudu guda biyu a gefen gona. Rudu rumfa ce ta kara da ciyawa, a ɗaga gindinta daga ƙasa da itace don iska ta ratsa, a jibge albasa a ciki a yi mata jinka, ta zauna har damina ta kankama kasuwa ta yi kyau. Abin da na sani game da rudu ke nan, domin tun ina ƙarami boko aka tura ni. Hannuna bai taɓa yin kanta a gona ba. Duk ranar Asabar na kan hau mashin in je Aliero, in gaida Inna, in leƙa rudun kamar mai duba aji, in dawo.

Maƙwabcin gonarmu wani tsoho ne da muke kira Baba na Liba, saboda daga Liba ya taso ya zauna a unguwarmu tun kafin a haife ni. Shi da mahaifina tare suke komai. Tare suke zuwa masallaci, tare suke cin goro guda, kowa ɓari. Ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa, ɗorin bai zauna daidai ba, don haka yana ɗan jan ta in yana tafiya. Duk duniya Malam ake ce mini tun da na fara koyarwa, har ƙannena, har matata. Shi kaɗai bai taɓa yarda ba. Ko a cikin taro ya gan ni sai ya ce, "Ɗana, ka zaka?" Ina jin daɗin haka ina kuma ɗan jin nauyi, musamman in da ɗalibaina a kusa.

Ruwa ya sauka, aka yi kamar sau huɗu. Wata Asabar na buɗe rudun gabas sai na ga kamar albasar ta yi ƙasa. Na san tana ramewa in ta daɗe, na karanta wannan, amma nan har da wani ɗan rami a gefe guda, kamar an sa hannu an kwasa. Igiyar da na ɗaure zanar ƙofa da ita kuma ba ƙullina ba ne a jiki. Wani ya kwance ya sake ɗaurewa, ya ma fi ni iyawa.

Mai hankali gida zai koma ya tambayi uwarsa. Ni ban yi haka ba. Masu farar riga ba su tambayar 'yan gida, domin kowa abin zargi ne har sai hujja ta wanke shi. Na ɗauki gawayi na ja layi a jikin itacen tsakiya daidai inda albasa ta tsaya, na ɗaure ƙofa, na tafi ban ce wa kowa komai ba. A hanya har waƙa nake yi a kan mashin.

Asabar ta gaba na zo da kayan aiki. Ina jin kunyar lissafa su, amma tun da na fara sai in ƙarasa. Rula daga ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ambulan guda biyar, leda biyu da na zura hannuwana a ciki a madadin safa, da takunkumin hanci da ya rage a aljihun tebur tun zamanin annoba. Na sa shi ne ba don komai ba sai don haka nake ganin suna yi. Albasa ta sauka ƙasa da layin gawayi da kusan taƙi guda. A bakin ƙofa na tsinci tukar goro, na sa a ambulan, na rubuta rana da lokaci a baya. Wani mai jaki ya wuce ya gan ni durƙushe da leda a hannu da ƙyalle a fuska, ya yi sallama, ya yi ta waiwaye har ya sha kwana.

Ranar na kwana a Aliero. Da yamma na ɗebo yashi mai laushi na baza gaban rudun biyu, na share da tsintsiya ya yi sumul. Da gari ya waye, rana ta ɗan ɗaga, na je.

Sawu na nan, a fili kamar rubutu a allo. Ƙafar dama ta taka sosai, ta hagu ta ja layi. Gefe kuma ga sawun keke da shatar inda aka ajiye buhu. Ba yaro a unguwarmu da zai ga wannan sawu bai faɗi mai shi ba.

A nan ne abin da ya fi ba ni kunya yake, ya fi duk abin da ya biyo baya. Da na gane sawun, ban ji baƙin ciki ba. Daɗi na ji. Gabana ya buga irin na wanda ya ci jarrabawa. A talabijin kullum wanda ba a zata ba ne, aminin mamaci, wanda ya fi kowa kuka a wurin makoki, ga shi kuma ya fito mini daidai. Na ajiye rula a gefen sawun na ɗauki hoto da waya ta fuska uku. Mutumin da ya goya ni a kekensa ya kai ni asibiti ranar da kunama ta harbe ni, ban tuna da wannan ba sam. Tsawon sawun nake aunawa.

Na koma Jega na kai hotunan shago aka fitar mini da su a takarda, masu launi. Matata ta gani ta ce, "Sawun wa na wanga?" Na ce bincike bai kammala ba. Ta dube ni ta ce, "Allah shi kyauta," ta koma wankinta.

Lahadin da ta biyo, bayan la'asar, na roƙi mai unguwa ya tara mini liman da kawuna, a kuma kira Baba na Liba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Tsohon ya shigo yana jan ƙafa, ya gan ni ya washe baki ya ce, "A'a, ɗana, yau Lahadi kana gari?" Na amsa a daƙile. Sannan na miƙe tsaye, a gaban dattawa huɗu da ke zaune, na fara bayani irin na aji. Hujja ta farko layin gawayi. Ta biyu ƙullin igiya. Ta uku na zazzage tukar goro a kan takarda, liman ya ɗan janye ƙafarsa. Na jera hotunan a tabarma ɗaya bayan ɗaya. Ban ambaci kalmar sata ba, na yi wa kaina wannan wayon. Cewa na yi hujja ba ta ƙarya, kuma ba ta san aboki ba. Jimlar ma ba tawa ba ce, a tashar na tsince ta na juya ta da Hausa.

Baba na Liba ya ɗauki hoto guda ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Wanga sawuna na," ya ce. "Ai ka ɗauke shi da kyau. Ban san haka nika jan ta ba."

Ya ajiye hoton a hankali inda ya ɗauka.

"Albasa kuwa ni niɗ ɗiba. Ku taso mu tahi."

Muka bi shi a jere, shi a gaba da sanda, ni a baya riƙe da ambulan. Bai tsaya a rudu ba. Ya wuce can ƙarshen gona, gindin wata bagaruwa, inda aka rufe wani wuri da ƙaya da tsohuwar zana. Ya sa sanda ya ɗaga. Ƙudaje suka tashi, wari ya buge mu har kawuna ya ja da baya. Rami ne mai zurfin gwiwa, cike da albasa baƙa, ta narke ta zama ruwa, ta sama-sama kuma ba ta daɗe da zubawa ba.

"In ruwa ya sauka, ta ciki ka hwara ruɓewa," ya ce, ba ni yake kallo ba, ramin yake kallo. "In ba a hidda ta ba, ruwanta shi zuba ga ta ƙasa, kwana kaɗan rudu shi tahi dut. Duk kwana ukku nika zuwa da sahe in tsince. Haka munka saba ni da ubanka, shi duba tawa, in duba tashi. Da yar rasu ban ga dalilin bari ba."

Mai unguwa ya juyo gare ni. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da mamaki ya yi ta. "Kai ko da kab buɗe rudun, ba ka ji wari ba? Ai hanci ka hwaɗa ma mutum."

Ban ji ba. Ta ina zan ji, na toshe hancina da takunkumi don in yi kama da mutanen talabijin. Ko da ban toshe ba ma, ban san cewa shinshinawa ake yi ba. Duk watannin da na yi ina kallo, ba su taɓa koya mini wari ba, domin akwatin ba ya fitar da shi.

Na so ƙasa ta buɗe. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ai ban sani ba." Tsohon ya mayar da zanar kan ramin, ya gyara ƙayar da sanda. Ya ce wa mai unguwa, "To, ga amanar abokina nan, na maida ma mai ita." Ya yi musu sallama ya nufi gida. Muka tsaya muna kallon bayansa, ƙafar hagu tana jan layi a cikin ƙasa mai damshi.

Labari ya riga ni isa gida. Na sami Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma saba yi mini doguwar magana ba. Ta ce, "Ni nika ba shi buhun da shika kwasa da shi. Mi yah hana ka tambaye ni?" Ta ci gaba da tankaɗenta. Na fita na tayar da mashin.

Da na yi abin da ya kamata, da washegari da sassafe ina ƙofar gidansa. Ban je ba. Na ce sai abin ya ɗan lafa. Asabar ta zo na ce jarrabawa ta matso. Rudun kuwa na ce zan tsince da kaina, tun da yanzu na san sirrin. Na je na cire ta sama wadda ido ya gani ta yi baƙi, ban san a can ciki ake zura hannu har kafaɗa a lalubo mai taushi ba. Kunya ta hana ni tambayar kowa, su ma ba wanda ya yi mini tayi, kuma ban ga laifinsu ba. Kafin wata guda rudun gabas ya fara ɗiga ta ƙasa. Na yamma muka ceci abin da bai kai rabi ba. Ranar da aka kwashe ruɓaɓɓiyar, ramin gindin bagaruwa bai isa ba sai da aka haƙa wani.

Asarar albasa ba ta dame ni kamar yadda mutane suka zata ba. Har wani sauƙi na ji, kamar an yi mini bulalar da na cancanta. Abin da ya dame ni shi ne bayan kaka aka ce Baba na Liba ya kwashe ya koma Liba wurin babban ɗansa, ya bar wa wani gonarsa aro. Mutane suka ce ƙafa ce ta matsa masa. Shekara arba'in da wani abu yana jan ƙafar nan a unguwarmu ba ta kore shi ba.

Ban daina kallon tashar nan take ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Amma sai na fara lura da wani abu da ban taɓa gani ba. A kowane labari, kafin a kama mai laifin gaske, akwai mutum ɗaya ko biyu da ake fara kamawa. A zaunar da shi a ɗaki, a jera masa hotuna a tebur, a gaya masa magana. Can sai sakamako ya fito daga ɗakin gwaji, a buɗe ƙofa a ce masa yana iya tafiya. Shi ke nan an gama da shi. Kyamara ba ta bin sa gida, ba a nuna yadda zai shiga masallacin unguwarsu gobe, ba kuma wanda ke zuwa ba shi haƙuri. Da na gane haka sai na rasa inda zan sa idona in an zo wurin. Wata rana matata ta shigo ta tarar talabijin na yi ni kuma ina kallon bango, ta ɗauki rimot ta kashe, ta ce, "Malam, Liba ba Makka ta ba. Mota na zuwa."

Duk da haka sai da na shekara da wata biyu. Na shiga mota daga Jega na sauka Maiyama, na hau mashin ɗan haya zuwa Liba, da ƙullin goro da shadda yadi biyar. Duk hanya ina tsara abin da zan faɗa, ina gyarawa kamar darasi.

Na same shi a inuwar ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Ya gane ni tun daga nesa, ya yunƙura zai tashi, na yi sauri na durƙusa. Ya sa aka kawo tabarma sabuwa, aka kawo ruwa, aka dama fura. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yarana. Ba abin da ya rage na karamci. Da na ga gaisuwa ta ƙare na fara, na ce Baba na zo ne a kan abin da na yi. Ya ɗaga hannu.

"Wanga ya wuce. Na yahe tun ranar, don ubanka. Kak ka sake tada shi."

Sai ya tambaye ni ko mun zuba albasa bana. Na ce mun zuba rudu ɗaya. Ya gyara zama ya shiga koya mini, tiryan-tiryan. In je da sassafe kafin rana ta taɓa jinka. In durƙusa in sa hanci ta ƙasan rudu, ba ta sama ba. In na ji tsami-tsami, in bi shi da hannu har in taɓa mai taushi, in cire ta da duk waɗanda suka jiƙa a kewayenta. Kada in zubar kusa, in kai nesa in rufe. Ya nuna mini yadda ake ƙulla igiyar ƙofa da wadda ke hannunsa, ya kwance, ya ba ni na gwada har sau uku. Bai ɓoye mini komai ba. Ina sauraro ina jira, domin tun da na zauna akwai kalmar da nake jira, kuma har hirar ta yi nisa ba ta fito ba.

La'asar ta yi muka yi salla tare. Ya ce sai ya taka mini, na hana, ya ƙi. Muka tafi a hankali har bakin hanya inda masu mashin ke tsayawa. Na hau, na juyo na ce Baba sai na sake dawowa. Ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙon kirki.

"To madalla," ya ce. "Allah shi kiyaye hanya. A gaida mutanen gida, Malam."